Tarihin Satar Gem: Me Ya Sa Ba Ma Saye, Kuma Me Zai Sa Mu Saya?

Darasinmu na yau tarihi ne, amma tarihin abin da ke cikin aljihunka. Ciro wayarka ka ƙirga gem ɗin da ke ciki. To a cikinsu guda nawa ka biya kuɗinsu? Guda nawa kuma abokinka ya turo maka ta Xender, ko mai turi ya zuba maka a memori, ko ka sauko da su daga wani shafi da ya yi maka alƙawarin kuɗin cikin wasa da ba sa ƙarewa?

Kar ka ji kunya, amsarka ita ce amsar yawancin matasan Dutsin-Ma da Kurfi, har da na Katsina da Kano. A wajen kamfanonin da ke ƙera wasannin nan, sunan wannan abu satar fasaha. A wajenmu kuwa sunansa "turo min". Abin da za mu bi sawunsa shi ne yadda aka yi muka saba da haka, da kuma abin da ya taɓa sa mutane irinmu suka ciro kuɗi suka biya. Maganar ta shafe mu, domin yanzu ƙannenmu sun fara koyon haɗa manhaja, kuma mu ne kasuwar da za su fara kawo wa hajarsu.

RIGIMAR TA GIRMI WAYARKA

A shekarar 1976 Bill Gates, lokacin yana saurayi ɗan shekara ashirin, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu sha'awar kwamfuta a Amurka. Ƙorafinsa shi ne suna kwafar manhajar BASIC da kamfaninsa ya yi wa kwamfutar Altair suna raba wa juna, kuma waɗanda suka biya ba su kai ɗaya cikin goma ba. Ka ga kenan tun ranar da aka fara sayar da manhaja aka fara kwafar ta, kuma a ƙasar masu kuɗi aka fara.

Gem ɗin da ya shigo gidajenmu kuwa asalinsa Japan. A 1983 kamfanin Nintendo ya fitar da na'urar Famicom, a 1985 kuma aka kai ta Amurka da sunan NES. Ba a jima ba masana'antun Taiwan, daga baya na ƙasar Sin, suka fara ƙera kwaikwayonta da araha. Ita ce wadda ake jona wa talabijin, mai hannu biyu da 'yar bindigar harbin agwagi. Kaset ɗinta a rubuce yake cewa akwai gem 9999 a ciki, amma in ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaita maka: Super Mario, Contra, Duck Hunt da wasan tankar yaƙi. Uban da ya sayo wa 'ya'yansa wannan na'ura daga Kano bai san akwai wata ta asali ba. Ya biya kuɗinsa cif, kuma ko ya so ta asalin babu shagon da zai same ta a kusa.

Ba mu kaɗai ba ne. A Rasha wani kamfani mai suna Steepler ya fara shigo da irin wannan kwaikwayo a 1992 da sunan Dendy, yaran ƙasar suka tashi da ita har suna ganin ita ce ta gaskiya. Da Nintendo ya ga girman kasuwar, a 1994 sai ya ƙulla yarjejeniya da wannan kamfani ya zama dilan kayansa na asali a Rasha. Riƙe wannan a ranka, za mu sake haɗuwa da irinsa a Kano.

ZAMANIN GIDAN GEM

Sony ya fitar da PlayStation a Japan a watan Disambar 1994, PlayStation 2 kuma a shekarar 2000, wadda aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya. Waɗannan da faifai suke aiki, kuma kwafar faifai ya fi kwafar kaset sauƙi nesa ba kusa ba. Sony ya sa makulli iri biyu: na'urar ba ta karɓar faifan da aka kwafa, kuma faifan wata nahiya ba ya aiki a na'urar wata nahiya. Masu gyara suka samo maganin duka biyun da ɗan ƙaramin cif da ake liƙawa a jikin allon na'urar. Da an sa mata cif, kowane faifai ka ba ta sai ta karanta.

Daga nan gidajen gem suka cika unguwanni. Idan ka yi yarinta a shekarun 2000 ka san fasalinsu: shago ɗaya, benci, talabijin biyu ko uku, janareta na kuka a waje, yara sun yi layi suna jiran a ci wani su karɓi hannu. Winning Eleven na kamfanin Konami shi ne sarki, kuma akasari wanda aka yi wa kwaskwarima ake bugawa, an sa sabbin 'yan wasa da sabbin riguna. A Birazil ma haka aka yi, inda wani mai shagon gem ya gyara Winning Eleven ya sa ƙungiyoyin ƙasarsu aka sa masa suna Bomba Patch, kuma mutane suka rungume shi saboda ya ba su abin da kamfanin bai ba su ba.

To a nan ka tsaya ka yi lissafi. Yaron da ke buga wasa yana biyan mai shago a kan kowane wasa. Mai shago ya biya mai sa cif, ya biya mai faifai, ya biya mai fetur. Mai faifai ya saro a Kano, a wurare irin su Sabon Gari da titin Beirut. Kowa a wannan layi ya biya, kowa ya ci. Wanda bai ga ko sisi ba shi ne wanda ya ƙirƙiri wasan, domin shi kaɗai ne bai zo kasuwar ba. Saboda haka duk mai cewa mutanenmu ba sa kashe kuɗi a kan gem bai zauna a gidan gem ba. Muna kashewa, amma kaɗan-kaɗan, hannu da hannu, ga wanda ya kawo mana kayan har ƙofar gida.

MADUBINMU NA GIDA: KANNYWOOD

Ba mu da babban kamfanin gem a Arewa da za mu ce ga yadda satar fasaha ta yi masa. Amma muna da masana'antar fim, kuma duk abin da ya sami kamfanonin gem a duniya ya same ta a gabanmu.

Kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo, akwai 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ta Kano da sana'arsu ita ce kwafar finafinan Indiya da na Amurka a kaset. Suna da na'urorin kwafa jere-jere, suna da kwastomomi daga garuruwan Arewa har Nijar. Wani masani ɗan jami'ar Columbia ta Amurka, Brian Larkin, ya zauna a Kano ya yi bincike a kan wannan kasuwa, ya fitar da littafi mai suna Signal and Noise a 2008. Abin da ya nuna shi ne hanyoyin da aka shimfiɗa don kwafar kayan waje su ne fim ɗin Hausa ya hau ya yaɗu.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sauran suka biyo baya, sai aka samo wani tsari mai hikima. Furodusa zai ba ɗan kasuwa uwar kaset, sannan ya buga kwalin fim ɗin ya sayar masa. Ɗan kasuwa shi zai sayi kaset ɗin da babu komai, ya kwafa da na'urarsa, ya sa a kwali ya sayar. Ribar furodusa tana cikin yawan kwalin da aka saya. Wato mutumin da jiya yake kwafar fim ɗin Indiya ba da izini ba, yau ya zama halastaccen dilan fim ɗin Hausa. Abin da Nintendo ya yi a Rasha kenan, Kanawa suka yi shi da nasu salon. A kan wannan tsari masana'antar ta bunƙasa har ta samu sunan Kannywood a ƙarshen shekarun 1990.

Sai fasaha ta juya. Kaset ya ba faifan CD wuri, faifai ya ba memori wuri. Da waya mai kallo ta shiga hannun kowa, sai ga sabuwar sana'a ta masu turi: saurayi da laftof a bakin kasuwa ko tasha, ka ba shi 'yan canji ya cika maka memori da finafinai da waƙoƙi da gem. Kwali ya rasa amfani, domin fayil ba ya buƙatar kwali. Faifai ɗaya in ya fita da safe, kafin dare ya zagaye gari. Cikin 'yan shekaru kasuwar faifai ta mutu, furodusoshi da dama suka karye, wasu suka bar harkar.

An gwada kame. An kai samame, an ƙwace kwamfutoci, an kai mutane kotu. Turi bai tsaya ba. An gwada sinima a Kano, amma mutumin Kurfi ba zai hau mota zuwa Kano don kallon fim ɗaya ba. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa. Northflix ta zo a 2019 da tsarin biya ka kalla ta intanet. Sai a 2020 aka ga abin da ya fi karɓuwa: Lawan Ahmad ya fara sakin Izzar So a YouTube ta tashar Bakori TV, Aminu Saira kuma ya kawo Labarina. Mai kallo ba ya miƙa wa furodusa kuɗi, amma yana sayen data, yana kallon talla, kuma wani kaso na kuɗin tallar yana komawa ga mai fim. Me ya sa mutane suka bi? Saboda sabon kashi yana fitowa a tashar mai shi kafin ya iso wajen mai turi, hotonsa ya fi kyau, kuma ba sai ka taka zuwa kasuwa ba. Wannan bai dawo wa kowa da arzikin da ya yi asara ba, kuma har gobe ana turi. Amma ya nuna cewa mai kallon da aka ce ba zai taɓa bin halastacciyar hanya ba, ya bi ta da ta fi sauƙi.

DAGA MACIJIN NOKIA ZUWA XENDER

Layin GSM ya fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001. Gem na farko da yawancinmu muka buga a waya shi ne macijin Nokia, wanda a cikin kuɗin wayar aka saye shi. Bayansa aka shiga zamanin wayoyin Java, ana sauko da wasanni daga Waptrick ta Opera Mini, ana tura wa juna ta Bluetooth. Da Android ta yi araha ta hannun su Tecno da Itel da Infinix, sai Xender ya mayar da tura babban fayil aikin 'yan mintoci ba tare da data ba.

A 2012 wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar da PPSSPP, manhajar da ke sa waya ta buga wasannin PSP. Ita kanta halastacciya ce kuma kyauta ce, har tana da ta kuɗi ga mai son tallafa wa aikin. Fayilolin wasannin da ake zuba mata su ne akasari na sata. A Dutsin-Ma wannan lokaci ya zo daidai da kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke nan tun da. Dubban ɗalibai da wayoyi da laftof a gari ɗaya, wanda ya dawo hutu da sabon gem ya wadatar da hostel guda.

Akwai abin da mutanen yankin nan ba za su manta ba. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, sai wajen ƙarshen shekarar aka fara dawo da su. A waɗannan watanni, duk gem ɗin da sai da intanet yake buɗewa ya zama hoto, ko da kuwa ka zuba kuɗi a cikinsa. Wanda aka turo ta Xender kuwa yana nan yana aiki. Mutum ya ga haka da idonsa, to me za ka gaya masa?

TO ME YA SA AKE SATAR?

Na farko farashi. Tun 2020 manyan sabbin wasanni suka fara kaiwa dala 70. A 2024 dala ta haura naira 1,500, wato gem ɗaya ya wuce naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Ba'amurke zai sayi gem da kuɗin aikin 'yan awoyi, kai kuma ana neman fiye da albashin wata.

Na biyu hanyar biya. A 2022 bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira zai iya kashewa a shafukan waje zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu bankunan suka sake buɗewa. Shekaru kusan uku kenan mai niyyar biya ma yana sa kati ana dawo masa da shi.

Na uku data da wuta. Red Dead Redemption 2 na kwamfuta yana neman wajen gigabait 150. Kwana nawa za ka yi kana sauke shi, da wace datar, da wace wutar? Ga shi a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Mai turi kuwa zai juye maka a filash kana tsaye.

Na huɗu nisa. Wasan ba ya jin Hausa, ba ka cikinsa, kamfanin bai san da garinku ba. Mutum ba ya jin nauyin wanda bai taɓa gani ba. Na biyar kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, akwai son banza. Akwai mai riƙe da wayar dubu ɗari biyar da ba zai sayi manhajar dubu biyu ba. Wannan ko an rage farashi sai ya nemi fasasshe. Amma huɗun farko su suka fi yawa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

SANDA DA LALLASHI

Kamfanoni sun fara da sanda. A 2008 aka fitar da Spore da makullin da ya ƙayyade sau nawa za ka iya sa shi a kwamfuta. Mutane suka fusata, wasan ya zama cikin waɗanda aka fi sata a shekarar. A 2010 Ubisoft ya ce Assassin's Creed II na kwamfuta sai kana kan intanet ko da kai kaɗai kake bugawa. Da na'urorin kamfanin suka samu tangarɗa, waɗanda suka biya suka kasa wasa. Daga 2014 aka shigo da makullin Denuvo, wanda ya fi wuyar fasawa, yana jinkirta ɓarayi makonni ko watanni, amma jinkirta ɓarawo daban, mayar da shi mai saye daban.

Wasu 'yan'uwa biyu masu ƙaramin kamfanin Greenheart Games suka yi wata dabara a 2013. Wasansu, Game Dev Tycoon, na tafiyar da kamfanin gem ne. Da kansu suka saki fasasshe a intanet, amma suka sa a cikinsa ɓarayi za su yi ta satar kayanka har ka karye. A ranar farko sama da kashi 93 cikin ɗari na masu bugawa fasasshen suke amfani da shi, wasu har suka fito suna kukan cewa satar fasaha ta hana su ci gaba a wasan.

Waɗanda suka ci riba su ne suka bi ta lallashi. A 1993 kamfanin id Software ya raba kashin farko na Doom kyauta, ya ce kowa ya kwafa ya ba abokinsa, in ya yi maka daɗi ka sayi sauran. Ɗanɗanon mai kilishi kenan.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na ƙasar Polan. A farkon shekarun 1990 kasuwarsu cike take da kwafaffun wasanni, kuma Marcin Iwiński, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CD Projekt a 1994, shi kansa ya taɓa sayar da irinsu yana yaro. A 1999 suka karɓi lasisin Baldur's Gate, suka fassara shi zuwa harshensu, suka ɗauko fitattun 'yan wasan ƙasar suka yi muryoyin, suka cika kwalin da taswira da littafi da faifan kiɗa. A ranar farko suka fitar da kwafi 18,000, adadin da ba a saba gani ba a can. A 2008 suka buɗe shagon GOG mai sayar da wasanni ba makulli ko ɗaya. The Witcher 3 da suka fitar a 2015 ba shi da makulli a kwamfuta, an sace shi, amma duk da haka an sayar da sama da miliyan 50.

Kamfanin Valve ya buɗe Steam a 2003. Shugabansa Gabe Newell ya bayyana a 2011 cewa a ganinsa satar fasaha matsalar hidima ce fiye da ta farashi: in ɓarawo yana kawo maka kaya da wuri, cikin harshenka, ba wahala, mai kayan kuma yana sa ka jira, to ɓarawon ya fi shi hidima. Ya kawo misalin Rasha, wadda ake cewa ba a sayar da gem a cikinta, amma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu a Turai bayan sun riƙa kai wasanni cikin harshen Rashanci a rana ɗaya da kowa.

Mu a Najeriya mun san wannan darasi ta wata hanyar. Madarar Cowbell ta shigo a 1993 cikin ƙananan ƙulli, wanda ba zai iya sayen gwangwani ba ya sayi na shayin safe ɗaya. Glo ya zo a 2003 da cajin kira a kan daƙiƙa, sauran suka bi dole. Kamfanonin gem na waya haka suka yi. Free Fire a 2017, PUBG Mobile a 2018, Call of Duty Mobile a 2019, duk kyauta ake sauke su, sai a sayar maka da riga ko bindiga ko tikitin zango a ciki. A 2021 Konami, mai Winning Eleven ɗin da muka yi shekaru muna bugawa a kwafaffen faifai, ya mayar da wasansa eFootball ya ce kowa ya ɗauka kyauta. Sannan aka gyara hanyar biya: kamfanin Carry1st da aka kafa a 2018 yana sayar da kuɗin cikin wasa da naira, a 2023 kuma Google Play ya fara karɓar katin Verve. Yau saurayin da bai taɓa sayen faifan asali ba yana tura kuɗi daga OPay ko PalmPay don sayen lu'ulu'un Free Fire. Mutumin dai shi ne, hanyar ce aka daidaita masa.

Sai dai wannan tsari yana da nasa ƙaiƙayin. Wasu wasannin suna sayar da akwatin sa'a, ka biya ba ka san abin da zai fito ba. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan caca ce. Iyaye da yayye, a sa ido a kan yaran da ke riƙe da wayar da ke haɗe da asusun banki.

ABIN DA YA RAGE GARE KA

Wayar da kake zuba wa fasasshen gem yau ba irin ta 2010 ba ce. A cikinta manhajar bankinka take, a cikinta lambar sirri ke shigowa, ga hotunan iyali. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa gem ya ba ka kyauta, tambayi kanka ina ribarsa. A 2021 kamfanin Avast ya bankaɗo wata muguwar manhaja mai suna Crackonosh da aka ɓoye a fasassun wasanni irin su GTA V da PES 2018, ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 tana amfani da su wajen haƙo wa masu ita kuɗin kirifto. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk gem ɗin da ya nemi izinin karanta saƙonninka ko ganin lambobin wayarka, goge shi nan take. Ka bar Play Protect a kunne. In kana son wasa ba ka da kuɗi, akwai halastattu na kyauta da yawa, wasu ma ba sa buƙatar data. Mai sana'ar turi kuma ya sani cewa sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta haɗa har da kayan da ake yaɗawa ta intanet.

Kai kuma ɗalibin da ke koyon haɗa manhaja a jami'a ko a ɗakinka, tarihin nan naka ne. Ka ɗauka cewa duk abin da ka yi za a tura shi ta Xender, saboda haka ka gina shi yadda turin zai zama talla a gare ka. Ka sa ya yi aiki ba data, kar ya yi nauyi a ƙaramar waya. Ka ba da kashin farko kyauta, ka sayar da na gaba a farashin katin waya, a biya da tiransifa ko a wajen mai POS. Ka yi shi da Hausa, ka sa abin da kamfanin Japan ba zai taɓa sawa ba: dara, langa, dambe, kasuwar Laraba, madatsar ruwan Zoɓe. Mai turin bakin kasuwa kuma ka je ka same shi ku yi ciniki ya zama dilanka da kasonsa, kamar yadda furodusoshin Kano suka yi da 'yan Ƙofar Wambai. A Legas kamfanin Maliyo Games yana yin wasannin waya masu labarin Afirka tun 2012. Fagen Hausa har yanzu a buɗe yake.

Ranar da ɗan Kurfi ko 'yar Dutsin-Ma ta fitar da gem ta sa masa naira ɗari biyar, kai za a fara kawo wa. A lokacin ka tuna cewa watanni ta yi tana aikinsa da datarta da cajin da ta biya, ka ciro ɗari biyar ɗin ka saya.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.